Yadda Ake Karanta Jadawalin Kundin Tsarin Mulki Don Sanin Inda Za A Kai Koke

A wata damina kwalbatin da ke kan hanyar kasuwarmu ya rufta, har ta kai masu amalanke suna sauke buhunan gero a bakin rafi, a ɗauka a ka a tsallake, sannan a zagaya da shanu ta cikin gonakin mutane. A matsayina na magatakardan ƙungiyar ci gaban garin, na rubuta takardar koke mai shafi biyu zuwa ga ɗan majalisarmu na tarayya, muka zauna jiran amsa har aka yi girbi. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kotu ya karɓi kwafin takardar a zauren dagaci, ya karanta, ya dube ni ya ce, "Malam, kun bar jaki kuna dukan taiki." Na ce, "Baba, to ina jakin yake?" Sai ya aika aka ɗauko masa kundin tsarin mulkinsa, ya tsallake babi takwas ɗin da ke gaba, ya buɗe can ƙarshe inda shafukan ba su ko yi datti ba. Abin da ya nuna mini a ranar, da abin da na ƙara bibiya daga baya, shi ne zan shimfiɗa a nan.

Matakin farko shi ne samun kundin da kansa, da tabbatar da cewa ba tsohon bugu ba ne. Kundin da ake aiki da shi shi ne na 1999, wanda ya fara aiki ranar 29 ga Mayu na shekarar, yana da sashe 320, sannan jadawali bakwai suna biye da su. Ana samunsa a shagunan littattafai na Kano da Dutse, ana kuma sauke shi a waya ta intanet. Da Turanci aka rubuta shi, kalmar da za ka nema a saman shafi ita ce Schedule, saboda haka idan Turancinka bai yi ƙarfi ba ka zauna da malamin makaranta ko wani ɗalibi, yana karantawa kuna fassarawa tare. Tun daga 2010 ake yi wa kundin gyare-gyare, kuma akwai gwaji mai sauƙi da mutumin Kano zai yi: ka buɗe jadawali na farko, ka duba ƙananan hukumomin Kano. Idan ka ga sunan Kunchi, to kwafinka bai ɗauki gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ba, domin a gyaran ne aka mayar da sunan ƙaramar hukumar zuwa Ghari. Tsohon bugu zai yi maka amfani duk da haka, amma sai ka riƙa gyara shi da fensir a wuraren da zan ambata.

Mataki na biyu shi ne ka gane cewa jadawali ba ya tsayawa da ƙafarsa. Kowanne yana rataye ne da wani sashe na cikin kundin, kuma lambar sashen tana rubuce a saman jadawalin. Na farko yana rataye da sashe na 3, na biyu da sashe na 4, na uku da sashe na 153 da na 197, na huɗu da sashe na 7, na shida kuma da sashe na 285. Ka saba wa kanka karanta sashen tukuna kafin ka koma jadawalin, domin sashen ne yake ba da umarni, jadawalin kuma ya jero sunaye da ayyuka. Ƙarfinsu a doka ɗaya ne, kuma in ban da shigar da sunan sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma da sashe na 8 ya tanada, ba a taɓa kalma ɗaya a cikinsu sai ta hanyar da sashe na 9 ya shimfiɗa, wato amincewar kashi biyu cikin uku na 'yan kowane zaure na Majalisar Tarayya, da goyon bayan majalisun jihohi aƙalla 24. Wannan ne ya sa sauya sunan ƙaramar hukuma guda ɗaya a Kano sai da ya bi ta majalisun jihohin da yawancin mutanensu ba su taɓa taka garin ba.

Daga nan sai ka nemo kanka a jadawali na farko. An tsara shi a layi uku: sunan jiha, ƙananan hukumominta, da babban birninta. Za ka tarar da Kano da ƙananan hukumomi 44, Jigawa kuma da 27, daga Auyo har zuwa Yankwashi, babban birninta Dutse. Gaba ɗaya jihohi 36 suna da ƙananan hukumomi 768, sai ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya da ke kashi na biyu na jadawalin, su ne suka cika 774 da ake yawan ambata. Amfanin wannan jeri yana fitowa ne duk lokacin da ɗan siyasa ya zo yaƙin neman zaɓe ya yi alkawarin ba yankinku ƙaramar hukuma. Sashe na 8 ya ce sai an samu buƙata daga wakilan yankin, an yi ƙuri'ar raba gardama da kashi biyu cikin uku suka amince, kansilolin jihar da majalisar jiha sun yarda, sannan Majalisar Tarayya ta yi dokar da za ta shigar da sunan cikin jadawalin. Jihar Legas ta ƙirƙiri sababbi 37 a 2003, amma Kotun Ƙoli ta ce a 2004 ba su kammalu ba tun da Majalisar Tarayya ba ta yi nata ɓangaren ba, kuma har yau 20 ne ke rubuce a gaban sunan Legas.

Mataki na huɗu shi ne mafi nauyi, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya nutsu. Kafin ka buɗe jadawali na biyu, ka rubuta damuwarka a jimla ɗaya a takarda, da sunan abin da ya lalace da wurin da yake, domin "gwamnati ta manta da mu" ba magana ce da za ka samu a kowane jeri ba. Jadawalin yana da jeri biyu. Na farko shi ne na abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take yi wa doka, an jero su daga lamba 1 zuwa 68 bisa tsarin baƙaƙen Turanci. A ciki akwai makamai, da bankuna, da ƙidayar jama'a, da kwastan, da soja, da fasfo, da mafi ƙarancin albashi. Lamba 11 ita ce manyan titunan tarayya, lamba 39 ma'adinai da man fetur, lamba 45 'yan sanda, lamba 64 kuma ruwan da Majalisar Tarayya ta ayyana cewa ya shafi jiha fiye da ɗaya. Idan ramin da ke cin motoci yana kan titin Kano zuwa Maiduguri ne, wanda ya bi ta Wudil da Shuwarin, to shugaban ƙaramar hukuma ba shi da hurumi a kai, kuma a nan ne ɗan majalisar tarayya yake da amfani. Haka manomin rani da yake shan ruwan madatsar Tiga, ko wanda ambaliyar kogin Haɗeja ta cinye wa shinkafa bayan an saki ruwa, maganarsa tana komawa ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta gwamnatin tarayya ce. Wanda aka fara haƙar wani dutse mai daraja a bayan gonarsa kuwa ya sani cewa lasisin haƙar ma'adinai daga Abuja yake fitowa, ko da kuwa dagaci ya san da zancen.

Ka lura da kalmomin togaciya a cikin jerin, domin sau da yawa a cikinsu ne amsar take. Lamba 61 ta ba tarayya ikon yin doka a kan ɗaura aure da raba shi, amma ta cire auren da aka ɗaura bisa shari'ar Musulunci da na al'ada. Lamba 29 ta ba ta kamun kifi, amma ta cire na koguna da tafkuna da kududdufai na cikin ƙasa, saboda haka masuncin da ke jefa koma a fadamar Haɗeja dokar jiha ce take hawa kansa. Lamba 22 ta ba ta zaɓe, amma ta cire zaɓen ƙananan hukumomi. Mai gaggawa yakan karanta kalmar farko ya rufe littafi, ya tafi da rabin magana.

Jeri na biyu shi ne na abubuwan da tarayya da jiha suka yi tarayya a kansu, kamar karɓar haraji, da wutar lantarki, da bunƙasa noma da masana'antu, da tace fina-finai, da ilimin jami'a da na gaba da firamare. Wannan ne dalilin da ya sa Jigawa take da Jami'ar Tarayya a Dutse, take kuma da Jami'ar Sule Lamido ta jiha a Kafin Hausa, kuma shi ne ya sa Kano take da hukumarta ta tace fina-finai alhali akwai ta ƙasa. A nan ne za ka sa fensirinka: gyaran 2023 ya cire gidajen yari daga lamba 48 da jiragen ƙasa daga lamba 55 na jeri na farko, ya dawo da su nan, ya kuma buɗe wa jihohi ƙofar samar da lantarki da rarraba shi har a yankunan da babban layin ƙasa ya ratsa. Inda dokar jiha ta ci karo da dokar da Majalisar Tarayya ta yi bisa ƙa'ida, sashe na 4 ya ce ta tarayya ce za ta tsaya.

Idan ka bi jerin biyu ba ka ga abin da kake nema ba, kada ka ɗauka ka yi kuskure. Abin da bai shiga kowane jeri ba ya zama na majalisar jiha. Sarauta misali ce a fili, domin babu inda jadawalin ya ambaci sarki ko hakimi ko dagaci. Shi ya sa majalisar Kano ta yi dokar da ta ƙirƙiri masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano a 2019, majalisar da ta biyo baya kuma ta soke dokar a 2024.

Mataki na biyar shi ne jadawali na huɗu, wanda a ganina kowane mai unguwa ya kamata a fassara masa shi a manna a zaurensa. Bai wuce shafi ɗaya da ɗan kai ba, kuma shi ne ya jero ayyukan ƙaramar hukuma. Sakin layi na farko ya ƙunshi ayyukan da suke nata na kanta: kafa maƙabartu da kula da su, da gidajen gajiyayyu; ba da lasisin kekuna da kura da kwalekwale da baro da amalanke; kafa kwata da kasuwanni da tashoshin mota da banɗakunan jama'a da kula da su; gina hanyoyi da magudanan ruwa da fitilun titi da gyara su, gwargwadon abin da majalisar jiha ta tsara; sanya wa tituna suna da gidaje lamba; kwashe shara; rajistar haihuwa da mutuwa da aure; sannan sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla. Kwalbatinmu yana nan a ƙaramin sakin layi mai harafin f, inda aka ambaci hanyoyi da magudanai. Wato wata biyar muka yi muna jiran Abuja a kan abin da sakatariyar da muke wucewa duk ranar kasuwa take da alhakinsa.

Sakin layi na biyu yana da wata kalma da dole a tsaya a kanta, ita ce "shiga". Ya ce ƙaramar hukuma tana shiga cikin aikin gwamnatin jiha wajen ilimin firamare da na manya da na sana'a, da bunƙasa noma da albarkatun ƙasa ban da haƙar ma'adinai, da kuma kiwon lafiya. Ma'ana, idan iska ta yaye rufin ajin firamare, ko ƙaramin asibitin garinku ya zama babu ma'aikaci, nauyin yana kan ɓangare biyu, kuma nan ne ake yi wa talaka wasa da hankali, wannan ya ce je ka wancan, wancan ya ce koma wurin wannan. Maganin abin shi ne ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ka aika kwafi ga sakataren ilimi na ƙaramar hukumar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ka kuma rubuta sunayen duk waɗanda aka aika wa a ƙasan takardar, yadda kowa zai san ɗan'uwansa ya gani.

Akwai abubuwa biyu da suke rikita mutane a wannan jadawali. Na ɗaya, rajistar haihuwa tana nan, amma kuma jadawali na uku ya ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa aikin rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin ƙasa, kuma takardar haihuwar da ake nema a yau wajen fasfo da makarantu tata ce. Na biyu, maganar gona da fili ba ta cikin jerin ko kaɗan. Tana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda sashe na 315 ya kare, kuma ita ce ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar gargajiya a filayen da ba na birni ba. Game da kuɗin da ake karɓa a kasuwa kuwa, ka haɗa jadawali na huɗu da sakin layi na 9 da na 10 na jeri na biyu a jadawali na biyu: dokar majalisar jiha ce take ba ƙaramar hukuma damar karɓar haraji, kuma an ce a tsara yadda ƙananan hukumomi biyu ba za su karɓi abu ɗaya a hannun mutum ɗaya ba. Mai amalanken da ya biya lasisi ya riƙe rasit ɗinsa a cikin leda, domin shi ne hujjarsa. Idan kuma aka ce maka babu kuɗin aiki, ka tuna hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya kuma ce kantomomin riƙo ba su da gurbi a kundin. Aiwatar da hukuncin wani zance ne daban, amma ambatonsa a takarda yana nuna ka san abin da kake magana a kai.

Mataki na shida yana zuwa ne idan damuwarka da mutum ce, wato wani jami'i. A nan jadawali na uku da na biyar suke aiki tare. Na uku ya jero hukumomin tarayya 14 da na jiha uku, da yadda ake naɗa su da ikonsu. Ladabtar da ɗan sanda, in ban da Sufeto Janar, yana hannun Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. Ladabtar da majistare da alƙalan ƙananan kotuna yana hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha. Zaɓen ciyaman da kansila aikin hukumar zaɓe ta jiha ne, INEC kuwa ita ke riƙe da rajistar masu zaɓe da sauran zaɓuɓɓuka.

Jadawali na biyar shi ne ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, kuma kashinsa na biyu ya ambaci shugaba da kansiloli da ma'aikatan ƙaramar hukuma a cikin waɗanda ya shafa. An hana jami'i cin albashin ofis biyu a lokaci ɗaya, an hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, amma an yarda ya yi noma, abin da ya dace da mu ƙwarai. An hana shi karɓar kyauta saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi, sai kyautar dangi da abokai gwargwadon abin da al'ada ta sani, kamar gudunmawar biki ko suna. Wajibi ne ya bayyana kadarorinsa da na 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 18 ba, lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin sauka. Ana kai ƙorafi ne ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, ita kuma ta miƙa wa Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, wadda take iya tsige mutum, ta haramta masa riƙe muƙami har zuwa shekara goma, ta ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar cin amanar ofis. Shawarata a nan ita ce kada ka rubuta zargi a kan jita-jitar majalisa, sai abin da kake da kwanan wata da shaida a kansa, domin takarda ba ta mantuwa, kuma kai ma ana iya juyowa kanka.

Jadawali na shida da na bakwai ba sa buƙatar dogon zama. Na shida ya faɗi yadda ake haɗa kotunan sauraron ƙararrakin zaɓen gwamna da na 'yan majalisa, inda Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara yake naɗa alƙalan, kuma ana iya ɗaukowa daga cikin ƙadi-ƙadin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Wa'adin kwana 21 na shigar da ƙara da kwana 180 na yanke hukunci yana cikin sashe na 285 ne. Na bakwai kuwa lafazin rantsuwa ne, ta biyayya ga ƙasa da ta kama aiki, daga shugaban ƙasa da gwamna zuwa kwamishina da ɗan majalisa da alƙali.

Mataki na ƙarshe shi ne rubuta takardar. Kada ta wuce shafi ɗaya. Ka sa kwanan wata da sunan ofishin da ake aika wa, ka fara da gaisuwar girmamawa a taƙaice, sannan ka faɗi abin da ya faru da wurin da ranar, da adadin garuruwan da abin ya shafa. A sakin layi na biyu ka ambaci madogararka da lamba, misali sashe na 7 da jadawali na huɗu, sakin layi na 1, harafin f. A na uku ka faɗi abu ɗaya tak da kuke nema, kamar a turo injiniya ya duba kafin saukar damina. Ka haɗa da hotuna biyu ko uku da aka ɗauka da waya aka wanke. Ka fara kai wa mai unguwa da dagaci su gani, su sa hannu ko hatimi idan sun yarda, domin takardar da ta tsallake su takan dawo ta same su, kuma ba a jin daɗin haka. Shugabannin ƙungiya su sa hannu, waɗanda ba sa rubutu su dangwala.

Ka yi kwafi aƙalla uku. Ranar kaiwa ku je ku biyu ko uku, ku miƙa a ofishin karɓar wasiƙu na sakatariya, ku nemi a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinku, kada ku yarda da "ajiye a nan, za a duba". Ku ba kansilan mazaɓarku kwafi ɗaya hannu da hannu. Ku rubuta ranar a littafin ƙungiya, ku koma bayan mako biyu da kwafin mai hatimi. Idan wata guda ya wuce shiru, sai ku rubuta ta tuni, ku ambaci ranar ta farko, ku aika kwafinta ga ɗan majalisar jiha mai wakiltarku da ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha, a Kano ko a Dutse, ku manna hoton takardar farko mai hatimi a bayanta.